Yadda Ake Shirya Wa Ɗaliban Ƙaramar Sakandare Tafiyar Hidima Da Neman Ilimi Zuwa Gana

Kai yara yawon buɗe ido daban, kai su tafiyar hidima daban. A yawon buɗe ido yara kan hau jirgi, su kwana a otal, su zaga kantuna, su dawo da hotuna. A tafiyar hidima kuwa ana haɗa su da takwarorinsu na wata ƙasa su yi aiki mai amfani tare, aikin da ke da alaƙa da darasin da suke yi a aji, sannan kowane dare a zauna a tattauna abin da aka gani. Makarantun Amurka sun daɗe a kan haɗa karatu da aikin hidima, har a 1990 gwamnatin tarayyarsu ta yi dokar da ta ware masa tallafi. Makarantun da ke bin manhajar ƙasa da ƙasa ta IB ma suna sa 'yan shekara 11 zuwa 16 aikin hidima a cikin karatunsu.

Na zaɓi Gana ta zama misali saboda dalilai bayyanannu. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar shiga ya zauna har kwana 90. Ana karatu da Turanci kamar a wurinmu, ana jin Hausa a zango-zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi, kuma daga Legas zuwa Akra tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgi. Nijar ta fi kusa da mu, amma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ga kuma halin tsaro a wasu hanyoyin da ke kaiwa bakin iyaka, wanda bai dace a bi su da motar yara ba.

Abu guda nake so malamai su riƙe tun daga farko. Ɗan shekara 13 ba magini ba ne, ba likita ba ne, bai kuma isa ya koyar da aji ba. Abin da zai iya bayarwa cikin mako guda kaɗan ne, abin da zai kwaso ya fi yawa nesa ba kusa ba. Don haka duk shirin da za a yi, a yi shi ta yadda masu masauki ba za su ɗauki wahala don yaranmu su ji daɗin cewa sun taimaka ba.

Mataki na farko: ku sami masu masauki kafin ku faɗa wa kowa

Kada ku fara da tikiti ko da sanarwa a taron iyaye. Ku fara da neman makaranta guda a Gana mai yara sa'annin naku. Can ma suna da ƙaramar sakandare ta shekara uku, kuma a ƙarshenta suna rubuta jarrabawar BECE, saboda haka ajujuwan za su yi daidai. A Akra akwai unguwanni irin su Nima, Mamobi da Sabon Zango, a Kumasi akwai Aboabo da Asawase, duka cike da makarantun gwamnati da na Islamiyya. Hukumar ilimi ta Gana tana da sashe na musamman mai kula da makarantun Musulunci, kuma ofishin ilimi na gundumar da makarantar take shi ne zai ba da izinin baƙi su shiga aji.

Yadda aka fi dacewa da masauki na gari shi ne ta hannun wanda ya san ɓangarorin biyu: wani malami da ya yi karatu can, ko ɗan kasuwar da ke da dangi a zango, ko ƙungiyar malamai. Akwai kamfanonin da ke sayar da irin wannan tafiya a shirye, da otal da mota da "aikin taimako" duka a farashi ɗaya. Idan za ku bi ta hannunsu, ku nemi sunan makarantar da lambar shugabanta, ku kira shi da kanku. In suka ƙi bayarwa, ku rabu da su.

Da kun sami makarantar, ku ba wa zumuncin aƙalla wata tara kafin tafiya. Shugabannin makarantun biyu su yi magana, malaman da za su jagoranci aikin su buɗe zaure ɗaya a WhatsApp, yara su fara musayar wasiƙu ta hannun malamai. Sannan mutum biyu daga makarantarku, namiji da mace, su je su ga wurin da idonsu. Na san kuɗi ne, kuma shi ne abin da ake fara yankewa idan lissafi ya yi nauyi, amma ni ban yarda a kai 'ya'yan mutane inda babu malamin da ya taɓa takawa ba. Su kwana a masaukin da yara za su kwana, su shiga banɗakunan, su ga inda ake dafa abinci, su auna nisan asibiti mafi kusa da mota a lokacin cunkoso, su kai gaisuwa wurin sarkin zango da limamin unguwa. Wannan gaisuwar ba ƙaramin abu ba ce. Ranar da wata matsala ta taso, mutanen nan ne za su tsaya muku.

Ku rubuta abin da aka amince a takarda, kowane ɓangare ya sa hannu: ranakun zuwa, yawan yara, wa zai biya me, wa zai ɗauki nauyin abincin yaran masu masauki a ranakun aiki. Wannan na ƙarshen ku ne ya kamata ku ɗauka.

Mataki na biyu: aikin da za a yi

A nan ne mafi yawan tafiye-tafiyen nan suke lalacewa, don haka zan ɗan daɗe.

Tambayar da za ku yi wa masu masauki ita ce: wane aiki kuke yi yanzu, ko kuke da niyyar yi, wanda ƙarin hannun yara ashirin zai amfane shi? Kada ku je musu da naku tsarin kuna neman su sa albarka. Mai masauki yana da kunya, musamman in ya ga baƙi sun zo da kuɗi, zai ce to ga duk abin da kuka kawo, ko da bangon da kuke son yi wa fenti bara aka yi masa. Ku tambaya, ku yi shiru, ku saurara, ku sake tambayar malaman aji bayan shugaba ya tashi.

Aikin da ya dace yana da alamomi. Yaro zai iya yin sa da kyau ba tare da haɗari ba. Ba ya ƙwace wa wani ɗan gari abincinsa, domin in akwai gini ko aikin katako, magini da kafinta na unguwar ne za a biya su yi. Ana yin sa kafaɗa da kafaɗa, kowane yaronku da abokin aikinsa daga can. Kuma akwai wanda zai ci gaba da shi bayan kun tafi.

Ga waɗanda na ga sun cika waɗannan sharuɗɗa. Tsara ɗakin karatu: ware littattafai, yi musu lamba, rubuta rajista, gyara waɗanda suka yage. Littattafan da za a ƙara, a saye su a Akra ko Kumasi bisa jerin da malaman can suka rubuta, maimakon a loda tsofaffin littattafan da muka gama da su. Dashen itatuwa a harabar makaranta, in an dace da damina kuma an sami ajin da zai ɗauki nauyin ban ruwa. Binciken shara: yara su ƙidaya ledojin ruwa da ake zubarwa a makaranta cikin kwana uku, su zana jadawali, su kawo shawara. Wannan matsala ce da Kano da Kumasi suka yi tarayya a kanta, kuma darasin lissafi ne da na kimiyya a lokaci guda.

Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne tattara tarihin baka. Yara biyu-biyu su zauna gaban dattawan zango, da izininsu, su tambaye su daga ina kakanninsu suka zo, wace sana'a ta kawo su, yaya unguwar take a lokacin ƙuruciyarsu. A ɗauki murya, a rubuta, a haɗa ƙaramin littafi, a bar kofe a makarantar da gidajen dattawan. Yaron Kano da ya ji tsoho a Kumasi yana cewa kakansa daga Kano ko Katsina ya taso fataucin goro, darasin tarihi ya zauna masa ke nan har abada. Kuma aiki ne da in ba a yi shi yanzu ba, masu labarin suna tafiya.

Abin da nake roƙo ku guje masa shi ne kai yara gidan marayu su yi wasa da ƙananan yara na kwana biyu su tafi. Hukumomin kare yara na duniya sun daɗe suna gargaɗi a kai. Da yawa daga yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya raba su, kuma kuɗin baƙi masu ziyara yana sa wasu su buɗe gidajen don neman riba. Ostareliya ta kai ga sanya safarar yara zuwa gidajen marayu cikin nau'o'in bautar zamani a 2018. Ko gidan na kirki ne, yaron da ya saba da baƙo yau, gobe baƙon ya ɓace, wata mai zuwa wani ya zo, ana yi masa rauni a zuciya. Haka nan kada ku tsara rabon alewa ko tsofaffin kaya a bainar jama'a. In akwai kyauta, a miƙa wa shugaban makaranta a ofis.

Mataki na uku: lokaci da izini

'Yan aji biyu ne suka fi dacewa. 'Yan aji ɗaya ba su gama sabawa da sakandare ba, 'yan aji uku kuma jarrabawa na gabansu. Kwana bakwai zuwa tara sun isa; in aka wuce haka kewar gida kan fara rinjayar yara.

Ku ɗora kalandar makarantun biyu a kan juna. Kuna buƙatar makon da ku kuke hutu, su kuma suna karatu, ba kuma makon jarrabawarsu ba. A kudancin Gana ruwa ya fi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, musamman a watan Yuni da Akra kan yi ambaliya. Ku duba azumi da sallah ma.

Ku rubuta wa ma'aikatar ilimi ta jiharku, ko hukumar da ke kula da makarantu masu zaman kansu, ku karɓi amsa a rubuce. Ku aika wa ofishin jakadancin Najeriya a Akra jerin sunayen matafiya da inda za ku sauka.

Mataki na huɗu: wa zai je, wa zai biya

Yara 16 zuwa 20 sun isa a tafiyar farko. In aka ce wanda ya fara biya shi zai je, 'ya'yan masu hali ne kaɗai za su cika motar, sauran kuma su koyi cewa hidima ma ta masu kuɗi ce. Ku sa sharaɗi tun farkon shekara: duk mai son tafiya sai ya yi zangon karatu guda yana aikin hidima a gida, irin wanda za a yi a can. Wanda ya yi naci a aikin ɗakin karatun makarantarku duk ranar Asabar, shi ya cancanci kujera. Sannan ku ware aƙalla kujera ɗaya cikin kowace biyar ga waɗanda iyayensu ba za su iya biya ba, a nemi kuɗinsu daga tsofaffin ɗalibai ko ƙungiyar iyaye da malamai, kuma kada a bari sauran yara su san ko su wane ne.

A lissafin kuɗi ku sa tikiti, fasfo ga marasa shi, allura, inshorar lafiya ta tafiya, masauki, abinci, motar zirga-zirga, kuɗin shiga wuraren tarihi, kayan aiki, kuɗin malaman rakiya, da na tafiyar share fage. A kan jimillar ku ƙara kashi 15 cikin 100 na ko-ta-kwana, domin naira da sidi, kuɗin Gana, duka suna motsi tsakanin ranar lissafi da ranar biya. Ku nuna wa iyaye lissafin layi-layi, su biya kashi uku cikin asusun makaranta, kada ya shiga asusun wani malami. Ku rubuta tun yanzu abin da za a mayar wa wanda ya fasa, da ranar da mayarwa za ta ƙare.

Mataki na biyar: takardu

Ku fara wata shida kafin tafiya. Kowane yaro yana buƙatar fasfo, fasfo kuma yana buƙatar lambar NIN, da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da wasiƙar amincewar iyaye. Abin da ya fi jawo jinkiri shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa: Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan. Ku tattara takardun yara duka a mako guda, malami ɗaya mai natsuwa ya bi su harafi-harafi, a gyara kafin a je ofishin shige da fice. Sunan da ke tikiti ma ya zama daidai da na fasfo.

Manya da ke fita da yaran da ba nasu ba dole su sha tambayoyi a filin jirgi, kuma daidai ne a yi musu, domin da haka jami'an shige da fice da na hukumar NAPTIP suke kama masu safarar yara. Kowane yaro ya kasance da takardar izini da iyayensa ko waliyyinsa suka sa wa hannu, wadda ta ambaci sunan malamin da ke jagora, da ƙasar da za a je, da ranakun tafiya da dawowa, aka kuma yi rantsuwa a kanta a kotu, haɗe da kofen katin shaidar iyayen. Jagora ya riƙe wasiƙar gayyata daga makarantar Gana, da amincewar ma'aikatar ilimi, da jerin sunaye. A yi kofe uku na komai: ɗaya a jakar jagora, ɗaya wurin mataimakiyarsa, ɗaya a ofishin makaranta. Fasfo kuwa ba ya kwana a hannun yaro. A ba shi a bakin layi, a karɓe da zarar an buga hatimi.

Mataki na shida: lafiya

Ba a shiga Gana sai da katin allurar rigakafin zazzaɓin shawara. Katin yana fara aiki kwana 10 bayan allurar, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har iya rayuwa. Ku karɓa daga jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa, yaro ya je a yi masa allurar da gaske. Kada ku yarda da mai cewa zai kawo muku kati har gida.

Iyaye su cike takardar lafiya, ku kuma zauna da su ɗaya bayan ɗaya, domin akwai abin da uwa ba za ta rubuta ba amma za ta faɗa wa malama a keɓe: sikila, asma, farfaɗiya, fitsarin kwance, abincin da jikin yaro ba ya karɓa. Mai sikila zai iya tafiya in likitansa ya amince, amma a kula masa da shan ruwa, kada kuma a bar shi cikin rana ko sanyin na'ura. A sani cewa shito, yajin da ake zubawa a kusan kowane abinci a Gana, yana ɗauke da busasshen kifi da jatan lande, miyar gyaɗa ma ta zama ruwan dare. 'Yan mata a wannan shekarun wasu a hanya za su fara ganin al'ada, don haka malama ta yi musu bayani tun a gida, ta kuma riƙe audugar mata da yawa.

Ku tafi da gidajen sauro, da gishirin haɗa ruwan gudawa, da akwatin taimakon farko. Magungunan yara su zauna wurin babba guda mai rubuta abin da ya bayar da lokacin da ya bayar. In da hali, ma'aikaciyar jinya ta kasance cikin tawaga. Duk zazzaɓin da ya taso a kai yaro asibiti a gwada, ko a can ko a makonnin farko bayan dawowa. Lambar gaggawa a Gana 112 ce.

Mataki na bakwai: masu rakiya da dokokin kare yara

Babba ɗaya ga yara shida, kuma kada manya su gaza huɗu, domin in ɗaya ya tafi asibiti da yaro, wani ya bi shi, saura su riƙe tawaga. In akwai 'yan mata, malamai mata biyu ne mafi ƙaranci. A zaɓi malamai don haƙurinsu da sanin halin yara, kada kujerar rakiya ta zama ladan daɗewa a aiki.

Dokokin nan a rubuta su, kowane babba ya sa hannu, har da direba da mai dafa abinci. Babba ba ya keɓewa da yaro ɗaya a ɗaki a rufe. Ɗakunan maza da na mata a rabe, malami yana kwana kusa da ƙofar kowane sashe. Ba a raba yara gidajen mutane su kwana, komai kirkin masu gidan. A je a ci abincin rana rukuni-rukuni, a dawo masauki ɗaya. Kowane yaro yana da abokin tafiya da ba sa rabuwa, yana kuma rataye da kati mai lambar jagora ta layin Gana da sunan masauki. Ana ƙirga kai duk lokacin da za a hau mota da duk lokacin da aka sauka. Ba a tafiyar dare.

Teku kuwa, ban da shiga. Yawancin yaranmu ba su taɓa ganin sa ba, ba su iya iyo ba, kuma igiyar ruwan gaɓar Gana tana da ja ƙwarai. Su tsaya a kan yashi su kalla.

A kan waya, ni ina ganin a bar ta a gida. Malamai su riƙa tura wa iyaye saƙo ɗaya kowace yamma, yara kuma su kira gida sau biyu a makon ta wayar malamai. Hoto ba a ɗaukar kowa sai da izininsa, kuma ba a sa hoton yaron wani a Facebook ko TikTok. Ma'aunin da za ku koya musu mai sauƙi ne: in ƙaninka ne a hoton nan, za ka so baƙo ya yaɗa shi?

Mataki na takwas: karatun share fage

A ware awa ɗaya a mako na tsawon zangon karatu guda. Su zana taswira, su san Gana ta sami 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957 a ƙarƙashin Kwame Nkrumah, su iya gaisuwa da godiya da harshen Twi, su iya canza naira zuwa sidi da ka. Su ji labarin fataken da suka riƙa tafiyar watanni daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, sayen goro, da kasuwar Salaga, da yadda yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, mutanensa suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Akra. Su san Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete Krachi a 1934. A kuma faɗa musu gaskiya cewa ba goro kaɗai aka sayar a Salaga ba, har da bayi.

Abu biyu ne za a ja musu kunne a kai. Hausar zango ta bambanta da tamu a lafazi da wasu kalmomi, sau da yawa ba ta rarrabe namiji da mace yadda muke yi. Hausarsu ce, kada wanda ya yi dariya ko ya ce zai gyara wa wani. Na biyu, sunan da muke kiran jakar nan mai zane-zane da shi, wato "Ghana Must Go", ya samo asali ne daga korar baƙi da Najeriya ta yi a 1983, wadda ta shafi 'yan Gana kusan miliyan ɗaya, kamar yadda Gana ta kori baƙi, ciki har da 'yan Najeriya masu yawa, a 1969. A ɓangarorin biyu akwai iyalan da abin ya taɓa, ba abin wasa ba ne a gidan mutane.

Malamin addini ya koya musu hukuncin sallar matafiyi. In akwai Kiristoci a tawagar, a tsara musu zuwa coci ranar Lahadi da malami, yadda aka tsara wa Musulmi Juma'a.

Mataki na tara: hanya da tsarin kwanaki

Ku bi jirgi. Hanyar mota daga Legas tana ratsa iyakoki uku, Seme da Hilakonji da Aflao, kuma tsayuwar da ake yi a kowace ta fi ƙarfin yara. Agogon Gana yana bayan namu da awa ɗaya. In Kumasi za ku, tafiyar kimanin kilomita 250 ce daga Akra, ku ba ta yini guda.

Ranar farko hutu ce da gaisuwa. Kwana huɗu na tsakiya su ne na aiki: awa uku zuwa huɗu da safe kafin rana ta yi zafi, abincin rana tare da abokan aiki, da yamma ƙwallo ko shiga aji a zauna darasi a matsayin ɗalibai. Ku bar gurbin da babu komai a cikinsa kowace rana, domin yawancin abotar da ke ɗorewa a nan take ƙulluwa. Ranar Juma'a, in kuna Akra, ku je babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021.

Ku ware yini guda don Cape Coast da Elmina, garuruwan bakin teku masu tsofaffin gidajen cinikin bayi, ku kuma biya wa abokan aikin yaranku su zo tare, domin da yawansu ba su taɓa zuwa ba. Turawan Fotugal ne suka gina gidan Elmina a 1482, kuma a kurkukun ƙarƙashin waɗannan gine-gine aka tsare mutane kafin a loda su a jiragen ruwa. Wurin yana da nauyi ga ɗan shekara 13. A shirya su tun daren jajibirin ziyarar, a bar wanda ya ji ba zai iya shiga ba ya tsaya waje da malami, kada kuma a ɗora wani shiri na nishaɗi a bayan ziyarar nan take.

Kowane dare bayan isha'i a zauna rabin awa. Minti goma na farko kowa ya rubuta a littafinsa, sannan malami ya yi tambaya uku: me ka gani yau, me ya sa kake ganin haka abin yake, a garinmu yaya yake? Yaro zai ce, "Malam, unguwarsu akwai datti." Kada a tsawata masa, a tambaye shi ina kwatar unguwarsu take zuba. Wata za ta ce, "Malama, sun fi mu iya Turanci." A tambaye ta me ta lura suna yi a aji da mu ba ma yi. In aka bar wannan zaman saboda gajiya, tafiyar ta koma yawon buɗe ido.

Mataki na goma: bayan an dawo

Cikin mako biyu yara su tsaya gaban iyaye da sauran ɗalibai su yi bayani da bakinsu, su nuna jadawalin sharar da suka zana ko littafin tarihin da suka haɗa. Makaranta ta miƙa wa iyaye lissafin abin da aka kashe da rasit, ta mayar da abin da ya rage. A aika wasiƙar godiya ga shugaban makarantar can da sarkin zango da dattawan da suka ba da labari.

Bayan wata uku ku kira masu masaukin ku tambaye su abin da ya yi musu nauyi a zuwanku, da abin da za su so a canza. Ku sa malamin aji na can ya gaya muku itace nawa ya rayu, ko ana buɗe ɗakin karatun. Aikin da aka yi a Gana a ci gaba da irinsa a makarantarku, waɗanda suka je su jagoranci 'yan aji ɗaya. Sannan ku fara lissafin shekara mai zuwa da kujerun yaran Gana a ciki, ku rubuta musu takardar gayyata da wuri, domin su ma suna buƙatar wata shida na fasfo da allura.